Ɗakin shan ƙwaya a Tawa: ba shi ne buƙatarmu ba, amma akwai darasi

Wata muhawara da ta daɗe tana raba kan likitoci da ƴan siyasa a ƙasashen Turai da Amurka ta fara iso mana ta gidajen rediyo da bakin ƴan bokonmu: shin ya dace hukumar gari ta buɗe wani ɗaki inda wanda shaye-shaye ya kama zai zo da ƙwayarsa ya sha a gaban ma'aikatan lafiya, ba tare da ɗan sanda ya taɓa shi ba? Mun san cewa mafi yawan masu karatunmu, daga ƴan kasuwar Tawa har ma'aikatan gwamnati, da jin haka za su ce a'uzu billahi su juya shafi. Muna roƙonsu su dakata. Matsayin wannan jarida shi ne Tawa ba ta buƙatar irin wannan ɗaki a yau, amma hujjar da ta sa wasu suka buɗe shi ta shafe mu.

An buɗe na farko a birnin Bern na ƙasar Suwis a 1986, lokacin da cutar sida ke yaɗuwa tsakanin masu yi wa kansu allurar hodar iblis da heroyin, allura guda na zagaya mutum da yawa. Birnin Bankuba na Kanada ya buɗe nasa, mai suna Insite, a 2003, kuma a 2011 kotun ƙolin ƙasar ta hana gwamnati rufe shi. A wannan shekara mujallar likitoci ta The Lancet ta buga binciken da ya nuna cewa mutuwa saboda wuce kima ta ragu da kashi 35 cikin ɗari a kewayen ɗakin, alhali a sauran birnin kashi 9 kawai ta ragu. Faransa ta bi sahu a 2016 a Paris da Strasbourg, birnin New York kuma a 2021. A waɗannan wurare hukuma ba ta sayar da ƙwaya. Abin da take bayarwa shi ne allura mai tsabta, da maganin farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, da mutumin da zai ja hankalin mashayi zuwa magani. Masu adawa suna da tasu hujja: maƙwabtan ɗakin Paris sun yi ta kukan cewa unguwarsu ta zama matattarar dillalai, wasu kuma na ganin hukuma ta sa hannu cikin abin da dokarta ta hana.

To, mu dawo gida. Kayan aro ba ya rufe katara. An yi waɗannan ɗakuna ne domin masu allura, masu kwana a titi cikin manyan birane. Masifar Adar kuwa haɗiye ta ake yi. Sunanta tramol, tare da ƴan rakiyarta: diyazefam, tabar wiwi da sholisho. Saurayin da ke jefa ƙwaya cikin kofin shayi a fada, ko ɗan kabu-kabun da ke haɗiye ta da asuba kafin ya hau babur, ko manomin Afala da ke son ya yi noman kwana biyu cikin yini guda, babu ɗayansu da zai yi tattaki zuwa wani ofishi don ya sha abin da ke cikin aljihunsa. Kuma a jihar da mata ke yin tafiya mai nisa kafin su kai ga ungozomar asibiti, ba mu ga da wane baki hukuma za ta ware ma'aikacin lafiya dare da rana don gadin masu sha ba.

Sai dai ƙin ɗakin ba ya nufin hanyar da muke bi tana da kyau. Tramol magani ne na gaskiya, likitoci na ba da shi ga mai tsananin ciwo, miligiram 50 ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Wanda ke shigowa ta ɓarauniyar hanya, galibi daga masana'antun Indiya ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome da Legas, yana da ƙarfin 200, 225 har 250 a ƙwaya guda. Wanda ya saba yana haɗiye da yawa a yini, ƙarshensa farfaɗiya, ko tsayawar numfashi, ko haɗari bisa hanya. Da Indiya ta tsaurara doka a kansa a 2018, dillalai sun koma ga wasu ƙwayoyi masu kama da shi, irin su tapentadol. Jiharmu kuwa tana kan hanya: titin da ya taso daga Ƙonni ya ratsa Tawa da Abalak ya nufi Agadas, shi ne hanyar ƴan cirani da masu zuwa haƙar zinariya a Jado da Cibarakatan tun 2014. Yaron da ya bar ƙauye da ƙarfinsa yakan koyi sha ne a ramin zinariya ko wurin dako a Abijan ko Libiya, ya dawo da ita gida lokacin damina.

Me ƙasa ta tanada? Akwai dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 23 ga Satumba 1999, ta zamanin riƙon ƙwaryar Dauda Malam Wanke, akwai kuma ofishin OCRTIS da ke farautar fatake. Ba mu raina aikinsu ba. A watan Maris na 2021 an kama tan 17 na danƙon wiwi a Yamai, a Janairun 2022 kuma an kama hodar iblis fiye da kilo 200 cikin motar magajin garin Fashi. Waɗannan alƙaluma sun isa su nuna cewa masu cin ribar wannan kasuwa ba ƴan fada ba ne. Amma wanda ya fi saurin shiga hannu shi ne yaron da aka samu da ƴan ƙwayoyi a aljihu. Ya shiga gidan kaso da ciwonsa, ya fito da shi, ya ƙaro sanin dillalai. Iyalin da ba su so a kama nasu kuwa sukan ɓoye shi a ɗaki, ko su kai shi inda za a sa masa mari. A 2019 duniya ta ga abin da aka tarar a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura, inda ƴan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa.

Darasin da ya kamata mu ɗauka daga Bern da Bankuba guda ne: wanda ƙwaya ta kama majinyaci ne, kuma ba a yi wa gawa magani, sai an fara raya mutum kafin a raba shi da sha. Ba sai mun je Turai neman misali ba. Tun watan Disamba na 2014 Senegal ta buɗe cibiyar CEPIAD a asibitin Fann na Dakar, inda ake karɓar mashaya a matsayin marasa lafiya. Senegal ƙasar Musulmi ce kamar tamu, kuma addininta bai ragu da haka ba.

Saboda haka muna kira ga hukumomin jihar Tawa da abubuwa huɗu. Na farko, a buɗe sashe a babban asibitin jiha inda mashayi ko iyayensa za su zo neman magani cikin sirri, ba tare da tsoron a miƙa sunansa ga ƴan sanda ba. Na biyu, a ajiye maganin naloxone, mai dawo da numfashi, a likitocin karkara kamar ta Afala, a koya wa ma'aikata yadda ake tarar mai farfaɗiyar tramol. Na uku, alƙalai su bambanta mai sha da mai sayarwa: na farko a tura shi magani, na biyu a bi sawunsa har zuwa wanda ya yi odar kwantena, ko wane ne shi. Na huɗu, a tabbatar da cewa mai ciwon daji da wanda aka yi wa tiyata suna samun maganinsu a farmasi da takardar likita, kada yaƙi da dillali ya faɗa kan marar lafiya.

Mu ma da namu nauyi. Ɗan kasuwar da ya san maƙwabcin rumfarsa na sayar da ƙwaya ƙarƙashin faranti ya yi shiru, da maigidan da ke ba yaran dakonsa don su ƙara ɗaukar buhu, da ma'aikacin duwan da ya kau da kai saboda na goro, duk suna da hannu cikin gawar da za a ɗauko gobe. Malamai da sarakunan gargajiya su ci gaba da wa'azi a kan haramcin maye, amma su ƙara da cewa neman magani ba abin kunya ba ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Idan wata rana allura ta bazu a garuruwanmu kamar yadda ta yi a wasu biranen bakin teku, za mu sake duba zancen ɗakin da idon basira. A yau abin da Adar ke nema daga hukuma shi ne ƙofar asibiti da ɗanta zai iya ƙwanƙwasawa ba da tsoro ba.