Daga Bakin Rumfa: Maza Bakwai Cikin Tarwaɗa Arba'in

Duk lokacin da 'yan'uwanmu na Kano ko Maraɗi suka sauka a Nima, abin da suke fara tsokanarmu da shi shi ne wai mu 'yan Zango ba mu san namiji da mace ba a magana. Sai ka ji yaro ya ce "Hajiya ya tafi kasuwa", baƙo ya riƙe ciki yana dariya. Ni dai kullum kare mu nake yi. Ashe akwai ranar da zan tsaya a bayan gidana da kifi a hannu, in kasa faɗin ko namiji ne ko mace. Labarin ke nan na yau, kuma ƙarshensa ba a kan kifi ya tsaya ba.

A watan Agusta na 2022, ganin yadda sidi ke zubewa kullum, cinikin shinkafa da mai kuma ya ja baya, sai na ce bari in buɗe wata ƙofar. Na kafa tankin tamfol biyu a ɗan filin da ke bayan gidanmu a Maamobi, na tafi wajen Ashaiman na sayo 'ya'yan tarwaɗa 500 a hannun wani dattijo ɗan ƙabilar Ewe da ke ƙyanƙyasa. Efo nake kiransa, kamar yadda suke kiran babban namiji a wajensu, shi kuma ya ce mini Alhaji. Kifi ya yi albarka. Kafin azumi na fara sayarwa, kuma kowa ya san halin mai saye: mai gidan abinci in ya zo, babba yake nunawa. Haka na yi ta kwashe manya ina miƙawa, har aka zo ƙarshe na ware guda 40 na ce waɗannan iri ne, daga yanzu ni zan riƙa ƙyanƙyasa abina. Da hannuna na zaɓe su, ina duba masu tumbi, a zatona su ne lafiyayyu.

Da suka shekara, na ɗauko wani yaro da ya iya aikin don ya yi musu allura. Yaro ya yi ta juya kifi ɗaya bayan ɗaya, can ya ɗago kai ya ce, "Baba, mazanka bakwai ne fa. Sauran 33 duk mata ne."

Wanda bai san sana'ar ba zai ce ai abin murna ne, mace ce mai ƙwai. To ga inda gizo ke saƙa. Tarwaɗar gona ba ta cika yin ƙwai da kanta a tanki ba. Allura ake wa macen, wadda aka fi sani ita ce Ovaprim, rabin mililita ga kowane kilo na nauyinta. Bayan kamar awa goma zuwa sha biyu sai a matse cikinta a hankali ƙwai ya zubo a roba, a mayar da ita ruwa ta huta, bayan wasu makonni ta sake tara wani. Shi kuwa namiji ba a iya tatsarsa. Sai an yanka shi an ciro jakar maniyyinsa an matse a kan ƙwan. Wato mace jari ce mai dawowa, namiji kuwa sau ɗaya ne, daga nan sai tukunya. Ko da namiji guda zai wadaci mata biyu ko uku, ni dai zagaye bakwai ke gare ni, kuma ga mata 33 suna cin abincin da buhunsa ke tashi kowane wata.

Raina ya ɓaci. Washegari na hau tiro-tiro sai Ashaiman, na ce, "Efo, ka cuce ni. Ka tace mazan ka riƙe, ka haɗa ni da mata." Dattijon bai yi fushi ba. Ya ɗebo 'yan kifi masu tsawon ɗan yatsa a roba ya ce, "Alhaji, nuna mini namiji a nan." Na duba, na sake dubawa, duk ɗaya suke. Ya ce shi ma da ya yi shekaru a aikin ba ya iya rabe su a wannan girman. Sai sun tasa ake ganin alamar: namiji na da ɗan tsiro mai tsini a bayan mafitar kashi, ta mace kuwa zagayayya ce, kuma in ta ɗauki ƙwai cikinta kan kumbura ya yi laushi. Sannan ya yi mini tambaya biyu: waɗanne ka fara sayarwa, kuma da me ka zaɓi na iri?

Nan jikina ya yi sanyi. A gona, mazan tarwaɗa kan ɗara mata girma. Duk babban da na miƙa wa mai gidan abinci, galibi namiji na miƙa. Masu tumbin nan da na tsince kuwa, ƙwai ne a cikinsu. Tun asali kusan rabi da rabi Efo ya ba ni, domin haka tarwaɗa ke fitowa in ba a taɓa komai ba. Ni da kaina na tankaɗe mazan na sayar, sannan na biya kuɗin mota na je ina tuhumar bawan Allah. Na ba shi haƙuri, na sayi maza goma daga wani layin iri daban, abin da ya ce ya ma fi, don haɗa wa da ƙanwa zuriya bayan zuriya kan raunana iri.

A nan ne ya nuna mini cewa akwai inda mutum ke sa hannu da gangan. Karfasar nan da ake gasa mana da banku, wadda ake kiwo a keji a Tafkin Volta bayan madatsar Akosombo, yawancinta maza ne. Dalili, namijin karfasa ya fi saurin girma, kuma in aka bar maza da mata tare sai su cika wurin da 'ya'ya, kowa ya tsumbure. Don haka masu ƙyanƙyasa kan ba jariran abinci mai sinadarin namijintaka na kimanin mako uku zuwa huɗu, sai sama da kashi 90 cikin 100 su tashi maza. Zafin ruwa ma na yin irin wannan aikin. Masu bincike sun gano cewa in jariran karfasa suka yi kwanakinsu na farko a ruwa mai zafin kusan digiri 36, maza kan rinjaya, kuma an ga haka a tarwaɗa ma. Shi ya sa mai ƙyanƙyasa a ƙarƙashin rufin kwano a watan Maris na Accra ya kamata ya mallaki ma'aunin zafi, ya tsayar da ruwansa wajen digiri 28 zuwa 30.

Da na dawo gida ina ba da labari, Autata, wadda ke karatun kimiyya a babbar sakandare, tana gefe tana wanke akwatin gilashinta na kifin ado. Tana da wasu 'yan mitsi-mitsin dangin tarwaɗa da ake kira Corydoras, asalinsu Kudancin Amurka, masu gashin baki irin na kurungunmu. Guda uku ta saya da kuɗin Sallarta, shekara guda ba ƙwai ba dalilinsa, ashe duka ukun jinsi ɗaya ne. Ta ce, "Baba, taka matsalar daban, tawa daban. Kai zaɓe ka yi. Ni kuwa ƙaranci ne ya ci ni." Ta ɗauko kwabo ta ce in jefa sau uku. Ta nuna mini a takarda cewa in ka sayi kifi uku a makance, sau ɗaya cikin huɗu duk jinsi ɗaya za su kasance. In ka sayi shida kuwa, sau ɗaya ne kawai cikin 32. Shi ya sa masu kiwon kifin ado ke cewa ka sayi aƙalla shida, in sun girma ka haɗa maza biyu da mace ɗaya. Ta ƙara da cewa akwai wani kifin ado ɗan kudancin Najeriya da Turawa ke kira kribensis, wanda ɗanɗanon ruwa ma ke juya shi: in ruwan ya yi tsami, maza kan fi yawa.

Sai ta yi shiru, ta ce, "Ka san wani abin da yake ɗaya cikin 32? Gidan da aka haifi 'ya'ya biyar, duka mata."

Gidana ke nan. 'Ya'yana biyar, duka mata, ita ce ta biyar ɗin. Uwargida na zaune tana tsince wake, ba ta ɗago kai ba. Ni kuwa na tuna ranar da aka haifi yarinyar nan, shekara 17 da suka wuce. Da aka aiko mini rumfa cewa an sauka lafiya, mace ce, ban rufe rumfa ba sai magariba. Da na isa asibiti, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ke dai mata kika iya." Da wasa na faɗa, amma ita ba wasa ta ji ba, kuma na san haka tun ranar.

Auta ba ta san wannan ba, ta ci gaba da darasinta. Ta ce a jikin ɗan Adam ƙwayoyin gado ƙafa 23 ne, ƙafa ɗaya ce ke raba namiji da mace. Ƙwan uwa kullum X yake ɗauke da shi. Irin uba ne wani ke da X, wani ke da Y. In mai X ya riga isa, mace. In mai Y ne, namiji. Wata Ba'amurkiya mai suna Nettie Stevens na cikin waɗanda suka fara gano wannan tsari a 1905, a jikin wani ƙwaro. Kuma a duniya baki ɗaya, kimanin maza 105 ake haifa a kan kowane mata 100, kusan rabi da rabi, kamar tarwaɗar Efo. Mu ba kifi ba ne, zafin ɗaki ko tsamin abinci ba ya juya mana komai, balle jiƙe-jiƙen da ake sayar wa mata a boye da sunan maganin haihuwar namiji.

To jama'a, ku duba. Sau biyu ke nan ina ɗora laifi a inda babu shi. Na farko na tuhumi Efo, alhali hannuna ne ya yi aikin. Na biyu na tuhumi matata, alhali in ma akwai ɓangaren da abin ke fitowa, nawa ne. Kuma ni ɗin ma ba zaɓa nake yi ba, kyauta ce ta Ubangiji, yana ba wanda ya so abin da ya so. Nawa ne a cikin Zangonninmu, daga Nima zuwa Sabon Zango zuwa Kumasi, aka ƙaurace wa mace ko aka sake ta a kan wannan? Nawa ne ragon sunan 'ya mace ke fin na ɗa namiji rama? Sarki Henry na Takwas na Ingila ya auri mata shida, neman magaji namiji na cikin abin da ya hana shi sukuni, amma 'yarsa Elizabeth ce ta riƙe ƙasar shekara 44, daga 1558 zuwa 1603.

A daren nan, bayan yara sun kwanta, na ce wa uwargida, "Hajiya, akwai wata magana da na faɗa a asibiti." Ta ce, "Na san ta." Na ce ta yafe mini. Ta ce ta daɗe da yafewa, amma ta ji daɗi da na tuna, sannan ta ce abin mamaki sai da kifi ya yi mini wa'azi. Ban da amsa.

Ga masu son shiga sana'ar, ga abin da na koya da kuɗina. Ka ware kifin iri tun kafin ka fara sayarwa, kada ka jira ragowa. Ka juya kowane kifi ka duba alamarsa, kada tumbi ya ruɗe ka. Ka ajiye maza da yawa, tunda su ne masu ƙarewa, kuma ka nemo su daga wani wuri daban da na matan. Ka rubuta komai a littafi kamar yadda kake rubuta bashin rumfa, domin ido na mantuwa, takarda ba ta yi. Littafin nawa yanzu a hannun Auta yake, kuma zagayen da muka yi na baya-bayan nan ita ta yi allurar da kanta.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. A gaida iyali, maza da mata.