Yaron da ya yi shiru a aji ba daƙiƙi ba ne

Ranar 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta cinye azuzuwan zana a wata lakwal a Maradi, yara fiye da 20 suka rasu. A Afrilun shekarar, irinta ta faru a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Mun yi kuka, mun yi ta'aziyya, aka shiga maganar ginin siminti. To, sauran yaran ƙasar nan da suka koma cikin zana fa? Wa ya zauna da su?

Ɗan yayata yana CE1 a lokacin, a wata lakwal dabam, ajinsu shi ma na zana. Ya daina magana, ya koma fitsarin kwance. Da ya ji ƙaurin hayaƙin mai ƙosai sai ya fice da gudu. Mushe ya ce taurin kai ne, ya zane shi. A gida aka ce iska ce, aka ba shi rubutu. Ban raina rubutu ba, ni ma na sha. Amma ba wanda ya tambayi yaron nan me yake tsoro.

Wani tsohon Magana Jari Ce ne ya buɗe bakinsa. Ina karanta masa kowane dare, muna hira a kan wanda ya tsorata a labarin da yadda ya yi. Rannan sai ya katse ni: "Kawu, in wuta ta kama ajinmu, ta ina za mu fita?" Makonni yana ɗauke da tambayar nan shi kaɗai!

Na san masu cewa lafiyar ƙwaƙwalwa zancen Nasara ne, yaro ba shi da damuwa tunda ba ya ciyar da kowa. Ku je wajen Gidan Rumji da Madarunfa ku gaya wa yaran da suka kwana a daji saboda 'yan bindiga. Yaro yana jin tsoro kamar babba, sunan abin ne bai sani ba.

Kuma ba likita muke so mushe ya zama ba. Mun san halin malaman kwantaragi, aji cike maƙil, albashi sai an yi jira. Minti 15 muke nema kowace safiya: a karanta labari da harshen da yara ke ji, a tambaye su me wane ya ji a ransa, su faɗi nasu. A koya masu jan numfashi a hankali in gaba ya faɗi, su san babban da za su je wurinsa ba tare da tsoron bulala ba. Wanda alamunsa suka yi tsanani, a kai shi likita.

Tun 2025 doka ta ce Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. Ina littattafan a cikin aji? Duk mai ƙane ko ƙanwa a firamare, ya kai tambayar nan taron iyayen yara na gaba, ya tafi da littafi guda a hannu.