Hanyar Sakkwato Zuwa Maiduguri Ta Kano Ce

Malamin makaranta da ya shimfiɗa taswira a gaban yara ya auna tsakanin filin jirgin sama na Sakkwato da na Maiduguri, zai sami kamar mil 535. Jirgin fasinja na zamani yana cinye wannan cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Watau mutum ya iya karya kumallo a birnin Shehu, ya yi walaha a Yerwa.

Amma fa a takarda ke nan. Wanda ya tashi yin wannan tafiya, galibi sai an kai shi Abuja tukuna, mil 300 da ɗoriya kudu, sa'an nan ya jira wani jirgi ya komo da shi arewa maso gabas mil 440. Tafiya ta zama kusan mil 750. Ƙarin nisan ma da sauƙi, jiran shi ne ciwo. Idan jirgin Borno ya riga na Sakkwato tashi, to, sai kwana a Abuja, ga kuɗin masauki, ga tikiti biyu. Akawun da aka aika da takardu, da mai jinyar da ke son ganin likita, su ne suka san zafin wannan. In kuwa suka ce a bi mota, ai kowa ya ji labarin hanyar Gusau da ta Damaturu a 'yan shekarun nan.

To, a sake duban taswirar nan. Kano tana kusan bisa layin sosai. Daga Sakkwato zuwa Kano kamar mil 230 ne, daga Kano zuwa Maiduguri kamar 310. In an haɗa, ratsen bai kai mil 10 ba. Kuma ba yau aka san gabashin wannan hanya ba, gama jiragen da suka fara zuwa ƙasar nan a 1925, waɗanda suka taso daga Masar, ta Maiduguri suka biyo suka sauka Kano.

Mun san abin da masu jirage za su ce, wai fasinja ba su da yawa, kuma ɗan kasuwa ba ya tashi da kujeru wofi. Gaskiyarsu. Tun da aka rushe kamfanin Nigeria Airways a 2003, riba ce ke zaɓen hanya. Amma ta yaya za a ƙidaya fasinjan hanyar da ba a buɗe ba? Wanda ya san sai ya kwana a Abuja, tun a gida yake fasawa.

Saboda haka muna roƙon gwamnatocin Sakkwato da Kano da Borno su haɗa kai su yi yarjejeniya da wani kamfani. Ƙaramin jirgi mai farfela ya isa, sau biyu a mako, ya yada zango a Kano. Su ɗauki nauyin kujerun da suka rage har shekara guda, sa'an nan a buga lissafin kowa ya gani.