Wayarka ba tocila ba ce, kuma lumen 100,000 da ke jikin kwalin nan ƙarya ne

A watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka kwashe sama da mako guda babu wutar lantarki, na yi wata wauta da har yau nake jin haushinta. Inbata ta fara ƙara cikin dare, ina tsakiyar aikin wata manhaja da zan miƙa da safe. Na tsuguna a bayan batir, hannu ɗaya riƙe da sukundireba, ɗayan yana laluben waya, ita kuma wayar salulata na danne ta da haɓa tana haska mini. Ta suɓuce ta faɗi a kan siminti, gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Cajinta kashi 14 ne ya rage, kuma a cikinta lambar da banki ke turo mini take shigowa, ita ce kuma intanet ɗin kwamfutata. Kuɗin da na kashe a gyaran fuskarta ya isa sayen tocila mai kyau har guda biyu.

Na san abin da da yawanku za ku ce: wa yake yawo da tocila a wannan zamani, bayan kowace waya tana da fitila? Ni ma haka nake cewa a da. Tun zamanin Nokia 1100 muka saba waya ce ke raka mu cikin duhu, har ƙaramar waya ta samu laƙabin da kowa ya sani. Amma waccan wayar tana kwana biyar ba caji, kuma idan ta faɗi sai dai ka ɗauko murfinta ka mayar. Wayar da ke hannunka yanzu ita ce bankinka, ofishinka, taswirarka da hanyar kiran gida idan wani abu ya faru. Ranar da ka fi buƙatar haske, wato ranar da ba wuta, ita ce ranar da cajin wayar ya fi tsada. Kuma fitilar da ke bayanta an yi ta ne don ɗaukar hoto. Ba ta da madubin da ke tattara haske, sai ta watsa shi ko'ina, ka ga ƙafarka amma ba ka ga ƙarshen lungu ba.

To idan za a saya, wacce za a saya? A nan ne ake cin kuɗin mutane, kuma da lamba ake cin su.

Ka shiga kowane shago na intanet, za ka ga tocila mai girman ayaba an rubuta mata lumen 100,000, wata ma har 990,000. Lumen ma'aunin jimillar hasken da fitila ke fitarwa ne, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Ƙwan LED mai kyau yana ba da kusan lumen 100 zuwa 150 a kan kowane wat ɗaya na wuta. Ke nan lumen 100,000 na buƙatar wajen wat 1,000, daidai da dutsen guga na lantarki. Batir ɗaya samfurin 18650, wanda shi ne a cikin yawancin waɗannan tociloli, duk abin da yake iya ajiyewa bai wuce abin da zai kunna wat 11 zuwa 12 na tsawon awa guda ba. Da gaskiya ce, batirin zai ƙare kafin minti ɗaya, hannunka kuma ya ƙone kafin nan. Akwai tocilar da take kaiwa wannan lamba da gaske, Imalent MS18, amma ƙwai 18 ne a kanta, batir takwas a cikinta, da fanka mai sanyaya ta, kuma ba ta shiga aljihu ko na babbar riga.

Kamfanonin da suka san darajar kansu suna bin wani ma'auni da ake kira ANSI FL1, wanda aka fitar a Amurka a 2009. Ko shi ma sai ka san yadda ake karanta shi. Ana auna lumen ɗin ne bayan daƙiƙa 30 da kunnawa, lokacin da tocilar ba ta yi zafi ba. Tsawon lokacin aiki kuma ana ƙirga shi har sai hasken ya ragu zuwa kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Saboda haka idan ka ga an rubuta lumen 2,000 na awa biyu, ba a yi maka ƙarya ba, amma ba a gaya maka duka ba. Ƙaramar tocila tana riƙe wannan haske na minti ɗaya ko biyu, sai ta sauko da kanta zuwa ɗari huɗu ko biyar don kada zafi ya lalata ta. Matakin da ake rubuta wa Turbo na leƙawa ne, ka ji motsi a bayan gida ka haska ka kashe. A zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato ma ya fi saurin saukowa.

Ra'ayina shi ne, kafin ka tambayi iyakar hasken tocila, ka tambayi mafi ƙanƙantar haskenta. Kusan duk amfanin da nake yi da tawa tsakanin lumen 1 ne zuwa 150. Lumen ɗaya ya isa ka nemo silifas da buta da asuba ba ka tashi ƙaninka ba, kuma a wannan mataki batir yana kwanaki masu yawa. Lumen 30 ya isa duba fiyus ko karanta lambar mita. Lumen 100 zuwa 150, idan ka tsayar da tocilar a kan tebur ta kalli silin, ɗakin duka zai yi haske har ku ci abinci, kuma batir 18650 zai kai ka wajen awa goma a haka. Tocilar da matakanta uku ne kawai, mai ƙarfi, mai rauni, sai mai walƙiya kamar gidan biki, ba a yi ta don mai aiki ba. Wannan walƙiyar da dole sai ka bi ta kanta kafin ka kashe, ban taɓa ganin wanda ta yi wa rana ba.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi komai, shi ne batirin ya zama mai fita. Ƙwan LED ba ya saurin mutuwa, jikin alminiyum ma haka. Batirin litiyam ne ke tsufa, bayan cajin wasu ɗaruruwa ƙarfinsa ya ja baya. Idan an like shi a ciki, ranar da ya mutu tocilar ta mutu. Ku tuna tocilolin robar nan masu ƙafa biyu da ake sokawa a soket. Da yawansu ƙaramin batirin dalma ne a ciki, irin wanda ba ya jure a bar shi ya ƙare ƙarƙaf, shi ya sa bayan 'yan watanni sai ka ga haskensu ya koma kamar na aci-balbal. Kowane gida yana da guda uku ko huɗu matattu a kan sif. Idan ka tara kuɗinsu, ka sayi mai kyau tuntuni.

Sunan 18650 girmansa yake faɗa: faɗi milimita 18, tsawo milimita 65. Na gaskiya daga Samsung, LG, Panasonic ko Molicel ba ya wuce kusan mAh 3,500, kuma nauyinsa wajen giram 45 ne zuwa sama kaɗan. Duk wanda ka gani an rubuta masa 6,800 ko 9,900, ajiye shi. Idan ka ɗaga shi ka ji kamar fanko, to fankon ne. Na taɓa sayen irinsa guda biyu a wani shago, na auna su da na'urar caji mai nuna lissafi, ko 1,000 babu wanda ya kai. Kada kuma ka jefa batir tsirara cikin aljihu tare da makullai, ko ka bar shi a mota cikin rana. Idan fatar robar da ke jikinsa ta yage, a sake ta ko a daina amfani da shi.

Akwai masu ganin 18650 ya yi wa aljihun wando girma, kuma suna da hujja. A wurinsu ina ba da shawarar tocila mai girman batir AA wadda take karɓar iri biyu, wato 14500 mai caji da kuma AA na kanti. Haskenta da juriyarta ba su kai na babbar ba, amma idan ka je ƙauye caji ya ƙare, mai tireda zai fitar da kai. Sai dai ka tabbata an rubuta tana karɓar duka biyun, domin 14500 bolt 3.7 ne, AA kuma 1.5, wanda ya saka na farko a tocilar da ba a yi ta don shi ba zai ƙona ta. Kuma kada ka bar batirin kanti ya daɗe a ciki, yana zubar da ruwan da ke cinye ƙarfe.

Wajen caji, ka nemi USB-C, don kebul ɗaya ya ishe ka da waya da tocila da fawa bank. A nan akwai wani tarko da masu sababbin wayoyi za su ci karo da shi. Wasu masu arha suna da ramin USB-C amma ba sa caji da kebul mai kan C a gefe biyu, sai mai babban kai na da. Dalili shi ne an bar wasu ƙananan resisto guda biyu na 5.1k waɗanda ke shaida wa caja cewa ga na'ura tana neman wuta. Ka gwada da cajarka a gaban mai shago kafin ka biya. Olight suna yin kaya masu kyau, amma da yawa daga cikin tocilolinsu suna amfani da cajar maganaɗisu tasu ta kansu, idan ta ɓata a nan sai ka jira wata ta zo daga waje. Ni wannan kaɗai ya sa na haƙura da su.

Launin haske kuma mutane ba sa kula da shi, alhali mai aikin waya da kebul ya fi kowa buƙatarsa. Farin nan mai shuɗi-shuɗi, wajen 6500K, yana burge ido a shago, amma yana kashe launuka. Ka gwada haɗa kan kebul ɗin intanet a ƙarƙashinsa, ka ga yadda ruwan ƙasa da ruwan lemo suke zama abu ɗaya. Ka nemi 4000K zuwa 5000K, da lambar CRI 90 ko sama, ita ce ke nuna yadda haske ke fito da launi na gaskiya. Ƙwan Nichia 519A ya yi suna a wannan fanni, kuma ana samunsa a tociloli marasa tsada irin Wurkkos FC11C da Convoy S2+. Ta farkon tana da USB-C da maganaɗisu a gindi, ta biyun kuma sai ka sayi caja daban. Haske mai ɗan ja-ja ya fi daɗin ido cikin hazon hunturu ma, ba ya dawo maka a fuska kamar fari tas.

Tunda na ambaci hunturu, ka duba lambar IP. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IPX4 yayyafi kawai take jurewa, IPX7 tana iya minti 30 a cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya, X ɗin kuma yana nufin ba a gwada ta da ƙura ba. IP67 ko IP68 ta haɗa duka biyun. Wannan ne ma ya sa ba na son masu zuƙowa, waɗanda ake ja kansu gaba da baya. Duk ja ɗaya iska suke shaƙa da ƙurarta, kuma idan ka matse hasken ya zama ɗan murabba'i, babban kaso nasa a cikin kan tocilar yake ɓacewa.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke sa ka riƙa ɗaukarta kullum. Maganaɗisu a gindi yana manne ta a jikin janareta, ƙofar ƙarfe ko bonet ɗin mota, hannuwanka biyu su samu 'yanci, abin da na rasa a daren da na ba ku labari. Maƙali mai fuska biyu yana hawa bakin hula hana-sallah, ta koma tocilar goshi irin ta masu faci. Kafin ka saka ta a aljihu ko jaka, ka ɗan warware murfin gindin kwata ɗaya don ta yanke wuta, saboda mai lumen 1,000 idan ta kunna kanta tana iya huda yadi. Masu haƙora a baki kamar makami, da aka rubuta musu sunayen soja, ka bar wa masu su. Aljihu suke yagawa, kuma ba abin da kake so a zaro daga jakarka a shingen bincike da daddare ba ne. Ko da wacce kake riƙe, kada ka dalle fuskar mutum, ƙasa ake haskawa.

Ga wanda yake zuwa gona ko yake kwana a ƙauye da damina, zancen ya wuce na jin daɗi. Kububuwa da kunama da dare suke fitowa, kuma ba banza aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba. A irin wannan wuri kana buƙatar hasken da zai kai mita ashirin ko talatin a gabanka, ka ga abin da ke kan hanya tun kafin ka iso shi. A nan ne za ka duba lambar kandela ko nisan haske da aka rubuta a mita, amma ka raba nisan biyu, domin ana auna shi ne har inda hasken ya koma kamar na farin wata. Kunama kuma tana ƙyalli da launin kore-kore a ƙarƙashin hasken UV, shi ya sa na ƙara wata 'yar ƙarama mai irin wannan haske a jikin makullaina, ina zagaya tabarma da ita kafin a kwanta idan na je gida.

Wadda ke aljihuna yanzu mai batir 18650 ce, iyakarta lumen dubu ɗaya da 'yan kai, kuma zan iya ƙirga sau nawa na kai ta can. Fentin gefenta ya goge saboda gogayya da makullai. Ina cajinta kamar sau biyu a wata, da kebul ɗin wayata, akwai kuma batir na biyu a cikin ɗan kwanon roba a jakar kwamfuta.