Ni ne na ƙarshen ji

Makon jiya, bayan sallar Isha'i, maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce: "Malam, ashe yaronka zai tafi haƙar zinariya?" Na tsaya cak. Ashe wata uku ke nan ɗana na fari yana tara kuɗin mota daga ɗan abin da yake samu a kabu-kabun abokinsa. 'Yan fadarsu duk sun sani. Mai shagon da ke ajiye masa kuɗin ya sani. Uwarsa ma ta ji ƙishin-ƙishin. Ni da muke kwana gida ɗaya da shi, ni ne na ƙarshen ji.

Shekararsa 17. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, samarin Damagaram nawa muka raka tasha suka bi hanyar Tanut zuwa Agadas? Wasu sun dawo da babur da kuɗin aure. Wasu sun dawo da tari da bashi. Wasu har yau iyayensu na jiran waya.

Wallahi da farko raina ne ya ɓaci, har na ƙudura zan ci masa mutunci gaban ƙannensa. Amma da na kwanta sai barci ya ƙi zuwa. Na tambayi kaina: yaushe rabon da mu zauna ni da shi? Abin da na iya tunawa bai wuce "ka yi salla?", "je ka sayo", "ina canjin?" ba. Ranar da ya faɗi jarrabawar BEPC, abin da ya fito bakina shi ne jika nawa na kashe a kansa. Ban tambaye shi abin da ya ba shi wuya ba.

Mu haka aka rene mu. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna masa so a fili. Alkunya ce, kuma ban raina ta ba. Sai dai a da, in uba ya yi shiru, akwai kaka a zaure, akwai baffa da kawu a gida ɗaya, su ne masu jan yaro a jiki. Yau muna gidan haya, ɗaki biyu, dangi suna ƙauye. Mun riƙe kunyar, masu cike gurbin kuwa babu su. To wa ya rage? Fada da waya.

Muna yawan zagin fada, mu ce wurin zaman banza ne. Amma a can, kafin a sauke shayi na uku, an saurari yaro, an tambaye shi damuwarsa, an ba shi shawara, ko da gurguwa ce. Abin da ya rasa a gida ke nan.

Washegari na shimfiɗa tabarma na kira shi, da sunansa. Ya zo yana rarraba ido, ya ɗauka faɗa ne. Ya daɗe kafin ya ce: "Baba, na gaji da ganin kana cin bashin cefane." Ashe tafiyar da na ɗauka rashin ji ce, tausayina ne ya kawo ta. Mun yi da shi zai dakata, mu nemi garejin da zai koyi gyaran babur. Ko zai tsaya, Allah ne masani.

Ku matasa masu karanta wannan, yawancinku 'ya'ya ne yau, gobe iyaye. In kuna da wata niyya a zuci, ku daure ku faɗa wa tsohonku, ko da fuskarsa a murtuke take. Sau da yawa bai san ta inda zai fara ba ne. Mu kuma iyaye, buhun hatsi da kuɗin lakol ba su ne ƙarshen hakki ba. Ka san sunan abokan ɗanka uku? Ka san abin da yake tara wa kuɗi?

Allah ya shirya mana zuri'a, mu ma ya shirye mu.