Kafin mu sayi abin gwajin ruwa a makarantunmu, mu san abin da yake aunawa

A Damagaram idan ana maganar ruwa, ana nufin ya zo ko bai zo ba. Garin yana zaune ne a kan dutse, ƙasarsa ba ta riƙe ruwa sosai, kuma ƙarancin ruwan yana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke hedikwatar mulkin Turawa daga nan zuwa Yamai a 1926. An jawo mana ruwa daga Gogo da Machaya, aka ƙara da na Arunguza, daga baya aka kawo na Ganaram. Duk da haka, da zarar bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, famfon unguwanni da yawa sai ya koma hura iska. Wanda ya samu bido ɗaya a irin wannan lokaci ba ya tsayawa tambayar inda aka ɗebo shi.

Amma mu malamai da iyaye dole mu yi wannan tambayar, domin yaro yana wuni a hannunmu, kuma ruwan da yake sha shi ne na randar da ɗan garuwa ya cika da safe. Ra'ayina shi ne kowace makaranta ta mallaki abin gwada ruwan shanta. Kuɗin bai kai yadda ake zato ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen zaɓi, domin kasuwa ta cika da na'urori masu ban sha'awa waɗanda ba sa amsa tambayar da ta dame mu.

Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa ana gane ruwa mai tsarki da abu uku: launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. Wannan hukunci ne na alwala da wanka, kuma yana nan daram a fagensa. Sai dai ruwan da ya halatta a yi alwala da shi yana iya ɗauke da ƙwayoyin kwalara ko na taifot, waɗanda ba su da launi balle wari. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To a sha'anin ruwan sha, ko ƙimar ma bai sani ba. A 2021 kwalara ta kama mutum sama da 5,000 a Nijar, kuma jihohin Damagaram da Maraɗi suna cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Akwai kuma darasin Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi. Daga 1985 mutanen garin suka riƙa shan ruwan wata rijiyar burtsatse, ruwa garau, har tsawon shekaru sama da goma. Ashe sinadarin fulor da ke cikinsa ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato miligiram 1.5 a lita ɗaya, fiye da sau uku. Haƙoran yara suka rine, ƙafafun ɗaruruwansu suka lanƙwashe. Gwaji ɗaya a kan lokaci da ya isa ya tona asirin wannan ruwa.

Saboda haka kafin a taɓa asusun makaranta, a fara da tambaya: me muke tsoro a cikin ruwanmu? Ni dai abu biyu na gani. Na farko ƙazantar bayan gida, wadda ke kawo zawo da amai cikin kwana ɗaya ko biyu. Na biyu sinadaran da ke cikin ƙasa, irin su fulor da nitarat, waɗanda ke yin ɓarnarsu a hankali. Duk na'urar da ba ta ce komai a kan waɗannan biyun ba, ba tamu ba ce, ko da kyauta aka ba mu.

Wadda ta fi yawo a hannun 'yan kasuwa ita ce 'yar na'ura mai kama da alƙalami, da ake kira TDS. Ana tsoma bakinta a ruwa, lamba ta fito a fuskarta nan take. Gishirin da ya narke a cikin ruwa kaɗai take aunawa. Ruwan sama da ya gangaro ta kan kashin tantabaru a rufin kwano zai ba da lamba ƙarama, mai kallo ya ce ya samu ruwa mai kyau. Ruwan rijiya mai zurfi wanda ba shi da ƙwayar cuta ko ɗaya zai iya ba da lamba babba, a ce a zubar. Tana da amfaninta ga mai son sanin ko ruwan rijiyarsa ya yi zartsi, amma ba ta san kwalara ba.

Akwai wadda ta fi wannan yaudara, mai sandunan ƙarfe da ake jona wa wuta. A tsoma ta a kofi, kafin minti biyu ruwan ya koma ja ko baƙi, mai talla ya ce ga dattin da kuke sha. Ƙarfen na'urar ne da kansa yake narkewa a cikin ruwan. Masu sayar da matatar ruwa a ƙasashe da dama sun daɗe suna wannan siddabaru don su tsorata mai saye.

Wanda kuma ya shiga intanet da wayarsa yana neman abin gwajin ruwa, zai tarar da akwatuna masu kwalabe kala-kala da aka yi domin masu kiwon kifin teku a cikin gilashi a Turai da Amurka. Su ruwansu yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma abin da suke bibiya shi ne sinadaran da murjani ke buƙata don ya girma. Ba don ruwan sha aka yi su ba. Abin koyi ɗaya dai na gani a wurin mutanen nan: suna gwada ruwan kifinsu a kai a kai, suna rubuta sakamakon a littafi. Yaranmu sun fi kifi cancantar wannan kulawa.

To me za a saya? Abu na farko shi ne ma'aunin kulorin. 'Yar roba ce mai gani-har-hanji, da jerin launuka a gefenta, irin wadda ma'aikatan lafiya ke riƙewa lokacin annoba. Ana cika ta da ruwa, a jefa ƙwayar da aka rubuta wa DPD 1, a girgiza. Idan akwai kulorin, ruwan zai koma ruwan hoda, sai a gwada shi da launukan gefe a karanta lamba. Abin da ake so a ruwan da yaro zai sha shi ne miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita, bayan minti 30 da sa magani. Ruwan famfo, wanda kamfanin NDE ke rabawa tun farkon 2024, da kulorinsa yake fitowa, amma kulorin yana gushewa idan ruwa ya daɗe a tanki ko a bido cikin zafi. Shi ya sa a randa ya kamata a yi gwajin, inda moɗar yara ke shiga da fita. Idan an samu sifili, sai a sa ƙwayar Aquatabs bisa adadin da aka rubuta a jikin takardarta, a jira rabin awa, a sake aunawa. Idan ruwan ya dagule, a bar shi ya kwanta a tace tukuna, domin laka tana cinye ƙarfin kulorin.

Abu na biyu shi ne kwalbar H2S, dabarar da masana a Indiya suka fito da ita a 1982 domin ƙauyukan da ba su da ɗakin bincike. Ana zuba ruwa a cikinta, a rufe, a ajiye a inuwa kwana ɗaya zuwa biyu. Idan ruwan ya koma baƙi, alama ce mai ƙarfi cewa ƙazantar mutum ko ta dabba ta shige shi. Wani lokaci ƙwayoyin ƙasa marasa illa ma suna baƙanta shi, don haka gargaɗi take yi, ba ta yanke hukunci. Amma ban san wani darasin tsafta da ya kai wannan shiga ran yaro ba: ya ga ruwan da ya ɗebo fari tas ya wayi gari baƙi ƙirin. Wannan gwaji ya fi dacewa da makarantun da ke sha daga rijiya, musamman bayan damina, lokacin da ruwan sama ya wanko shaddodi.

Abu na uku ba a kasuwa yake ba. Fulor da nitarat aikin ɗakin bincike ne. Daraktan makaranta ya rubuta wa ofishin ma'aikatar ruwa na jiha ya nemi a gwada rijiyar, ko a aika ruwan LANSPEX a Yamai. Sau ɗaya a shekara ya wadatar, kuma lallai a yi shi kafin a fara shan sabuwar rijiya. Ƙa'idar nitarat miligiram 50 ce a lita. Idan ya wuce haka jarirai ne ke cikin haɗari, domin yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Iyaye su sani cewa tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire waɗannan sinadaran, sai ma ya ƙara musu kauri.

Wajen ciniki, kada a kalli kuɗin akwati, a kalli kuɗin gwaji ɗaya. A misali, a ce wani akwati jika 5 ne da gwaji 25 a ciki, wani kuma jika 15 da ƙwaya 250. Na farko kowane gwaji ya tashi dala 40, na biyu dala 12, kuma shi zai kai makaranta ƙarshen shekara ko da kullum ake aunawa. A duba ranar lalacewa kafin a biya. A zaɓi ƙwayoyin da aka liƙe kowace a gidanta cikin takardar dalma, domin maganin ruwa-ruwa da 'yan tsinkayen takarda ba sa jure zafin Afrilu da zarar an buɗe su. A duba jerin lambobin kuma: ma'aunin da ya tsallaka daga 0 zuwa 1 ba zai iya nuna 0.2 ba, alhali a nan maganarmu take.

Shi kansa ma'aunin sai an gwada shi. A tafasa ruwa ya huce, a auna: bai kamata ya canza launi ba. A sa masa Aquatabs, a sake aunawa: dole ya yi ruwan hoda. In bai yi haka ba, a mayar wa mai shi kayansa. A karanta launi a hasken rana, mutum biyu su duba, kuma kada a taɓa ƙwayar da yatsa. In ana jin warin jabel sosai amma ma'auni ya ce sifili, to maganin ne ya yi yawa har ya wanke launin. A sirka da ruwan da ba magani a sake.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce: makarantar da ajinta na zana ne, alli ma sai an yi karo-karo, ina ita ina gwajin ruwa? Maganarsu tana da nauyi. Sai dai mu yi lissafi. In muka ɗauki misalin can na jika 15, makaranta mai yara 300 dala 10 kowane uba zai bayar a shekara. A kwatanta da kuɗin ƙarin ruwa na dare ɗaya a likita, ban da kwanakin karatun da yaro zai rasa. Makarantu uku ko huɗu da ke maƙwabtaka za su iya haɗa kai su sayi kwali ɗaya na kwalaben H2S su raba.

Wasu kuma za su ce, in an gwada an ga ruwan ba kyau, sai me, tunda babu wani? Akwai abin yi. Ana iya sa magani, a rufe randa, a rataya moɗa mai dogon hannu, a canza ɗan garuwa ko a tambaye shi inda yake ɗiba. In matsalar daga rijiyar take, littafin da aka rubuta rana da lamba wata bayan wata hujja ce da magajin gari ba zai iya kawar da kai daga gare ta ba, saɓanin ƙorafin baki.

Shawarata ga kwamitin COGES da ƙungiyar iyayen yara da ta iyaye mata ita ce, a zaman farko na Oktoba a sa wannan a kasafin shekara, kusa da alli da rajista. A ba 'yan aji shida amanar littafin, yara biyu kowane mako, malami yana duba su. Za su koyi awo da rubuta sakamako da faɗin gaskiya ko da lambar ba ta yi daɗi ba, su kuma kai ilimin gida, inda randar uwarsu take. Allah ya kare mana zuri'a, ya wadata Damagaram da ruwa mai albarka.