Tsadar Gahawa: Daga Tashar Mokha Zuwa Teburin Mai Shayi a Gwiwa

A watan Fabrairun 2025 farashin gahawa nau'in Arabika ya haura dala huɗu kan kowace laba a kasuwar Niyok, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka fara cinikinta a can. Laba kuwa ba ta cika rabin kilo ba. Watanni kaɗan kafin haka, 'yar'uwarta Robusta ta zarce dala 5,000 kan kowane tan a kasuwar Landan. Labari ne da mutumin Gwiwa zai iya ji a rediyo ya wuce, domin ko itace ɗaya na gahawa babu a ƙasar Kazaure, kuma daminar wata huɗu ba za ta raya shi ba. Sai dai Robusta ita ce akasarin abin da ke cikin 'yar ledar Nescafé da mai shayi ke yagawa ya zazzage a kofi, ya sa madara, ya miƙa wa direba ko ɗan acaɓa ko ɗalibin da jarrabawa ta matso. Daga Kasuwar Singa ta Kano ake sarin katan-katan ɗinta, ta biyo hanyar Kazaure, ta ratsa Roni da Gwiwa da Babura, kuma kowane hannu ta bi sai an ɗora mata wani abu.

Dalilan tashin farashin ba ɓoyayyu ba ne. Barazil, wadda ke noma fiye da kashi ɗaya cikin uku na gahawar duniya, ta sha matsanancin sanyin da ya ƙone gonaki a 2021, sannan fari ya biyo baya a 2024. Biyetnam, ta biyu a duniya kuma uwar Robusta, ita ma fari ya taɓa ta. Hare-haren 'yan Huthi a Bahar Maliya tun ƙarshen 2023 sun tilasta wa jiragen ruwa zagayawa ta kudancin Afirka, kuɗin dako ya ƙaru. A Nijeriya aka samu ƙari a kan ƙari: tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500. Duk abin da ake biya da dala kafin ya shigo, mai sayen ƙarshe ne ke ɗaukar nauyinsa.

Abin lura shi ne, tekun da rikicinsa ya tsawwala farashin gahawa, ta cikinsa ta fara fita duniya. Asalin itacen Arabika tsaunukan Habasha ne. Labarin makiyayin da ya ga awakinsa na tsalle bayan sun ci 'ya'yan itacen, almara ce mai daɗin ji, ba tarihi ba. Abin da ya tabbata shi ne, a ƙarni na 15 sufayen Yamal suna shan ta domin kore barci a daren zikiri, kuma daga kalmarsu ta Larabci Hausa ta samo sunan gahawa. Daga Yamal ta isa Makka da Alƙahira. A 1511 gwamnan Makka, Khair Beg, ya tara malamai da likitoci aka haramta ta, amma hukuncin bai yi ƙarko ba. Mai karatu zai iya zaton ƙwayar ce ta dami masu mulki. Zaman da ake yi a kanta ne ya fi damunsu, domin duk inda maza suka taru suna kurɓa suna hira, maganar mai mulki ba ta daɗewa ba ta faɗo ba. Haka aka sake gani a Ingila: an buɗe gidan gahawa na farko a Landan a 1652, Sarki Charles na Biyu ya ba da umarnin rufe su duka a 1675, cikin 'yan kwanaki ya janye. A ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje, na wani Edward Lloyd, 'yan kasuwar jiragen ruwa suka riƙa haɗuwa har zaman ya rikiɗe ya zama kasuwar inshora ta Lloyd's da ke nan har gobe. Wanda ya san yadda ake warware siyasar ƙaramar hukuma a bencin mai shayi kafin a kai ta sakatariya ba zai yi mamaki ba.

Kusan ƙarni biyu Yamal ta riƙe cinikin ita kaɗai ta tashar Mokha. Da irin ya kuɓuce mata, komai ya sauya. Turawan Holan suka dasa shi a tsibirin Jaba a ƙarshen ƙarni na 17, Faransawa suka kai shi tsibiran Karibiyan, a 1727 ya shiga Barazil. A Karibiyan da Barazil kuwa, hannun da ya yi noman na bayin Afirka ne. Gab da tawayen bayi na 1791, yankin da ake kira Haiti a yau shi ke fitar da kusan rabin gahawar duniya, Barazil kuma ba ta soke bauta ba sai 1888. Mokha da sunanta ya zama tambari a shagunan Turai ta koma ƙaramar tasha da yaƙi ya ɗaiɗaita.

Tun daga wancan lokaci tsarin bai canja sosai ba: ƙasashe masu zafi su noma, ƙasashe masu sanyi su soya, su niƙa, su sa a gwangwani, su sa suna. Ita kanta Nescafé 'yar wannan tsari ce. A shekarun 1930 gahawa ta yi kwantai a Barazil har gwamnati ta riƙa ƙone miliyoyin buhuna don farashi ya ɗaga. Aka nemi kamfanin Nestlé na Suwizalan ya samo hanyar adana ta, a 1938 ya fito da garin da ke narkewa a ruwan zafi. Asarar manomin Barazil ta zama jarin kamfanin Turai. Yau Suwizalan, wadda ba ta noma ko ƙwaya ɗaya, tana sahun gaba a duniya wajen samun kuɗi daga fitar da soyayyiyar gahawa. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1962 ta ɗan kare manoma ta hanyar ƙayyade abin da kowace ƙasa za ta fitar, amma ta rushe a 1989, farashi ya faɗi warwas, ƙananan manoma daga Yuganda zuwa Kolombiya suka ɗanɗana kuɗarsu. Ko tsadar da ake ciki yanzu ba duka take isa gona ba, domin manomin da fari ya cinye masa rabin amfani ba shi da abin sayarwa a sabon farashin.

Wannan darasi ba baƙo ba ne ga Bahaushe, sai dai shi a da yana ɓangaren masu cin riba. Abin da ya hana gahawa yin saiwa a ƙasar Hausa, duk da alhazai da Hausawan Sudan sun san ta tun tuni, shi ne goro ya riga ta zama. Sinadarin da ke kore barci a cikinsu iri ɗaya ne, goro kuma ya shiga ɗaurin aure da suna da gaisuwar manya, inda gahawa ba ta da wurin zama. Goro ba ya fita a Kano ko Katsina, a kurmi yake. Amma Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka riƙe hanyar Gwanja, suka san yadda ake naɗe shi a ganye ana yayyafa masa ruwa wata da watanni bai lalace ba, kuma su suka yi dukiya da shi. Alhassan Ɗantata da fataucin goro ya fara kafin gyaɗa. Abin da Suwizalan ke yi da gahawa, fataken Kano sun yi shi da goro: riƙe hanya, da adanawa, da sanin mai saye.

A yau an juya. Jigawa na cikin manyan masu noman zoɓo da riɗi a Nijeriya, kuma yankin arewa maso yammacin jihar, har zuwa kan iyakar Nijar ta Babura, yana da kasonsa. Ana tara su a ƙauyuka, a kai Maigatari ko Dawanau, a ɗura a kwantena ɗanye. Meksiko, babbar mai sayen zoɓon Nijeriya, ta taɓa rufe ƙofarta na wasu shekaru saboda ƙwarin da aka samu a cikin kaya, kuma manomi da ƙaramin ɗan kasuwa ne suka kwana a ciki. Zoɓon nan yakan dawo kantunan Abuja a matsayin ganyen shayi cikin kwali mai sunan waje. Matsayin manomin zoɓo na Gwiwa bai bambanta da na manomin gahawa na Habasha ba, illa dai Habasha ta fara neman mafita. Mutanenta na shanye kusan rabin abin da suke nomawa, saboda haka kasuwar gida na tallafe manomi idan ta waje ta juya baya. A 2007 kuma ta kai ruwa rana da kamfanin Starbucks har ya amince cewa sunayen Sidamo da Harar da Yirgacheffe mallakarta ne. Zoɓon Jigawa har yanzu ba shi da sunan da mai saye a ƙetare zai nema da baki.

Ita gahawar Nijeriya ma tana nan, ba a dai kula da ita ne. Arabika na yi a tsaunin Mambila na Jihar Taraba da wasu sassan Filato, Robusta kuma a jihohin kudu. Cibiyar Binciken Koko da ke Ibadan ita aka ɗora wa alhakin gahawa da goro da ganyen shayi da kashu, amma abin da ƙasar ke fitarwa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da Kodebuwa, inda Nestlé ke da masana'antar sarrafa Nescafé a Abijan. Masu ƙaramin jari ne ke ƙoƙari a nasu matakin. A Kano da Dutse mata na soya ƙwallon dabino su niƙa su sayar da sunan gahawa, kamar yadda mutanen da suka riƙa soya 'ya'yan rai-ɗore. Ba gahawa ba ce a haƙiƙa, ba ta da sinadarin kore barci, kuma ya kamata a faɗa wa mai saye haka. Duk da haka tunanin daidai ne, musamman ga jihar da ke da reshen binciken dabino a Dutse: a sarrafa abin da ake zubarwa ya zama haja.

Akwai kuma wani shinge da ke tafe. Dokar da Tarayyar Turai ta zartar a 2023 ta ce gahawa da koko da waken suya da manja da roba da katako da shanu ba za su shiga kasuwarta ba sai an nuna taswirar gonar da suka fito, an kuma tabbatar ba a sare daji don yin ta ba bayan ƙarshen 2020. Sau biyu ana ɗage fara aiki da ita, yanzu an tsayar da Disamban 2026 ga manyan kamfanoni. Zoɓo da riɗi ba sa cikin jerin, amma manyan masu saye sun fara sabawa da tambayar gona da sunan manomi, kuma wanda ya saba tambaya a kan gahawa zai yi ta a kan sauran kaya. Rajistar manoma, da auna gonaki, da wurin feshi da gwajin kaya kafin a loda, aiki ne na ma'aikatar gona da hukumar raya karkara ta jiha da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Dawanau da Maigatari. Dillalin da ke tara zoɓo buhu-buhu a kasuwannin ƙauyen Gwiwa da Roni, ya gauraya na gona goma a buhu ɗaya, a yanzu ba shi da takardar da zai nuna idan aka tambaye shi daga ina.